Abin da Yake Koro Isuhu Gida

Butoci ne suka fara ɗaukar idona. Ina cikin adaidaita sahu, wata rana a tsakiyar azumin bana, mun maƙale a cunkoson Sharaɗa bayan wata tirela, sai na hango su jere a gindin katangar wani kamfani. Akwai koriya, akwai shuɗiya, akwai wata da aka ɗaure mata murfi da tsumma. Wani ma'aikaci ya fito, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya kewaya baya abinsa, ba sauri ba waige. Iyakar abin da na gani ke nan. Sai da mai adaidaita ya juyo ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa?" sannan na san hawaye nake yi.

Azumi yana zagaya shekara kamar yadda inuwa take zagaya bishiya. Bana ya faɗo a bakin bazara. Rabon da ya same mu cikin irin wannan zafi, ina amarya a Panshekara, a wani gidan haya mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, da bishiyar darbejiya da kowa yake cewa tasa ce.

Mijina sunansa Isuhu. Ban taɓa kiran sunan a gabansa ba, Malam nake ce masa. Mutumin ƙauye ne daga wajen Ringim, ya zo birni ya sami aiki a wata masaƙa a Chalawa, a sashen rini, inda tururi ba ya ɗaukewa. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwa, ko da sabulun salo ba sa fita. Ni kuwa a lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da ake ba da haya a bakin kasuwa. Ina ɓoye su a ƙarƙashin katifa, in karanta ɗaya har bangonsa ya yi laushi. A cikinsu saurayi yana da mota da agogo, yana kuma iya magana. Isuhu keke gare shi, kuma yakan yini bai haɗa jimla biyar ba. Amma akwai abu ɗaya da nake ganin babu gwarzon littafin da ya kamo shi a kai, wato yadda yake dawowa gida.

Da an busa jiniyar tashi, sauran ma'aikata sukan tsaya sayen rake ko hira a bakin ƙofa. Isuhu ba ya tsayawa. Tun daga kan kwana nake jin ƙarar kekensa, yana tuƙi kamar wanda aka biyo. Ya jefar da keken a zaure, ya yi sallama a guje, fuskarsa a ɗaure, idanunsa sun kaɗa. Ni kuma ina bakin ƙofa na sha kwalli, zuciyata tana cewa: dubi yadda kewata ta galabaitar da bawan Allah. Ya sure butar da ke gindin randa ya shige bayi. In ya fito sai ya sauke numfashi, ya dube ni, ya yi murmushi a hankali ya ce, "Amarya, mun same ku lafiya?" Wannan murmushin nake jira tun safe. Butar kuwa ban taɓa sa ta a lissafi ba.

Bazarar shekarar ta zo da fushi. Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara kamar ana taka shi. Ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Famfon unguwa ya ƙafe, sai 'yan garuwa, su ma sai an bi su da lallashi. Kaya sun yi tsada, shinkafa ta zama ta ranar Juma'a. Matan gidan muka haɗa kai: wannan ta kawo gero, waccan tsamiya, wata wake. Bayan azahar mu shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, a yi surfe, a wanke, a aika niƙa. Kafin la'asar an dama kunun tsamiya a babbar tukunya ɗaya, ana suyar ƙosai a kasko ɗaya, hayaƙi yana shiga idon mai azumi. Randa mukan lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu tun safe don ruwan ya yi sanyi. Babu abin da ya kai ƙamshin ruwan randa daɗi a hancin wanda ya yini bai sha ba. Wani lokaci nakan buɗe murfin in shaƙa kawai, in mayar.

Da sahur nakan cika wa Isuhu babban kofin silba. Sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture.

"Malam, zafin nan fa. Ka ƙara."

"Ya isa. Namiji ba ya cika cikinsa da ruwa."

Nakan tafi da wannan maganar cikin yini ina juya ta, ina jin na auri jarumi.

Tun kafin azumin yake fama da ciwon kwiɓi. Wani lokaci yana cikin alwala sai ya dafe bango. Aka ce basir ne, aka ce sanyi ne, ya sha jiƙo kala-kala. Ba shi kaɗai ba, maza da yawa a unguwar haka suke tafiya da hannu a ƙugu. Shekara guda kafin nan wasu likitoci masu bincike sun zo da farar mota, suka kafa rumfa a ƙofar masaƙu, daga Chalawa har Sharaɗa da Bompai. Suka ɗebi jini da fitsari, suka yi tambayoyi ana amsa musu da i ko a'a. Suka ce ƙodar mutane da yawa ta taɓu. Zarginsu ya tafi kan ruwan rini, kuma ba laifinsu ba ne, duk wanda ya ga kalar ruwan da yake fita daga kwatar masaƙa abin da zai zarga ke nan. Suka sa aka raba safar hannu da takunkumi, aka girka tankin ruwan sha a tsakar masaƙa, aka ce kowa ya riƙa sha sosai. Mazan suka ce to. Da likitocin suka dawo, ciwon yana nan, tankin ma yana nan, har gansakuka ta fito a bakin famfonsa.

A wannan dawowar ce suka zo da Malama Rakiya.

Ranar da ta fara shigowa gidanmu muna tsakiyar surfe. Doguwa ce, baƙa, da mayafi ruwan toka da 'yar rakoda mai kaset a jaka. Ta cire takalminta tun daga zaure. Na miƙe zan ɗauko mata kujera, ta ce in bar shi, ta zauna a tabarma ta jawo faifan wake ta fara tsincewa kamar jiya ma a nan ta yini.

Dije, matar da ɗakinta yake kusa da nawa, wadda ta girme mu duka kuma bakinta ba ya da linzami, ta ƙare mata kallo ta ce, "Ke ma jinin za ki ɗiba? Mu dai na jikinmu azumi ya shanye."

"A'a, Yaya. Su ne masu auna abin da ke cikin jini. Ni aikina in ji abin da ke cikin yini."

"Hira ke nan. Yanzu hira ma karatunta ake yi?"

"Shekara da shekaru na yi ina karanta ta."

"Daga ina kike?"

"Zariya."

Dije ta tafa hannu. "Shi ya sa! Ai Bazazzagi in bai sami abokin surutu ba, da suda yake yi."

"Mu ma da muka ji an ce Kanawa sun kasa gane ciwonsu, muka ce bari a je a taimaki bayinmu."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar ta zama tamu. Takan zo bayan azahar ta tafi kafin magariba. Kwanakin farko ko rakodar ba ta fito da ita ba. Ta yi mana tankaɗe, ta riƙe jariri, ta ji labarin tsadar kanwa da na surukar Dije. In ta yi tambaya ba ta katse mutum, ko da ya bi ta Gwauron Dutse kafin ya iso. Ta gano littattafaina, ba ta yi mini dariya ba, ta ce in ba ta labarin wanda na fi so. Ban taɓa samun wanda ya saurare ni haka ba.

Wata rana, zafi ya kai inda ko kaji sun buɗe baki, ta nemi izini ta kunna rakodar, ta ce, "Maimuna, ba ni labarin yinin maigidanki. Daga farkawa har dawowa. Kada ki tsallake komai, ko abin da kike ganin ba shi da amfani."

Na gyara zama. Na faɗi sahur da kurɓa ɗaya. Na faɗi keke. Da na zo kan dawowa sai muryata ta canza, na ji kaina ina magana irin ta littafi: yadda yake keta rana, yadda ba ya tsayawa ko gaisawa, yadda yake faɗowa gida kamar wanda ransa yake ciki.

Dije ta ajiye taɓarya. "Amarya mai littafi! To in ya faɗo, ina yake fara nufa? Ɗakinki?"

Na sunkuyar da kai.

"Faɗi mana. Ke yake runguma ko buta?"

Tsakar gida ta kece da dariya. Wata ta ce nata mijin har a zaure take ajiye masa butar, don ba ya iya ƙarasowa. Wata ta ce nata ranar nan ya ture yaro. Dije tana share hawaye ta ce, "Yarinya, ba ƙaunarki ce take koro shi ba, mararsa ce." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk abin da na gina tun ranar da aka kawo ni, Dije ta rushe shi da jimla ɗaya, a gaban mutane.

Malama Rakiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kashe rakodar. Ta dafa gwiwata, ta bar hannunta a nan, sannan ta dubi sauran.

"Dukansu haka suke dawowa?"

"Duk 'yan masaƙar nan dai."

"Saboda azumi?"

"Wane azumi? Ai su kullum cikin azumin ruwa suke, ko da damina."

"Mijinki fa, Yaya Dije?"

"Nawa a Sharaɗa yake, kamfanin robobi. Shi da tinƙaho yake dawowa, sai ya ga dama. Can bayan katanga suke kewayawa."

Malama Rakiya ta daɗe tana kallon butar da ke gindin randarmu.

Ba ta tunkari Isuhu kai tsaye ba. Ta aiko ni in nemi izininsa, ya ƙi, ta sake aikowa bayan kwana biyu, ta ce ba sai ya dube ta ba, sannan ya yarda. Ranar ta sha ruwa tare da mu. Bayan sallar magariba ya zauna a bakin ƙofar ɗaki daga waje, mu muna ciki, labule a tsakani. Ta fara da ƙauyensu, da malamin da ya koya masa karatu. Ya saki jiki, har ya faɗi yadda malamin yake tsananta musu a kan tsarki, yana ce musu yawancin azabar kabari daga sakaci da fitsari take. Ita dai tana cewa, "Haka ne, Malam." Can ta ce, "A wurin aiki fa, yaya ake kama ruwa?"



"Ba a yi," in ji shi.

Da kyar maganar ta fito, guntu-guntu. Masu masaƙar, mutanen ƙasar waje, sun gina bayi mai kyau, fari tas, irin na ƙasarsu. Wasu kwanukan tangaran ne manne a bango daidai ƙugun mutum, sai a tsaye, kafaɗa da kafaɗa da na kusa da kai, wani ma sa'an mahaifinka ne. Babu famfo a ƙasa. Da farko sukan shiga da buta, sai wani babba ya zame a jiƙaƙƙen daɓe, foman, mai kula da ma'aikata, ya hana shiga da buta. Fita waje kuma sai an tashi. Mutum ya yi a tsaye ya fantsa wa wandonsa, ba tsarki, sannan ya je ya tsaya gaban Ubangiji da azahar? Sai suka samo dabara, ba wanda ya koya wa wani: in ba ka sha ba, ba za ka matsu ba. Wanda ya matsu kuma ya riƙe.

"Amma Malam, bara an tambaye ku ko akwai bayi."

"An tambaya. Na ce akwai. Ai akwai ɗin."

"Da ruwan sha."

"Shi ma akwai." Ya yi ƙasa da murya. "Ba wanda ya tambaye ni ko ina shiga. Kuma Malama, wannan ba maganar da mutum zai ɗaga murya ya faɗa a layi ba ce."

A bayan labule na tuna kofin silba, da kurɓa ɗaya, da jarumina. Na cusa mayafi a baki.

Ba ta tsaya a kanmu ba. Ta bi gidaje a Kumbotso, ta je Sharaɗa, ta je Bompai, tana jin ko maganar ɗaya ce, don ta ce bakin mutum ɗaya labari ne, sai ta ji shi a bakuna da yawa take kai shi gaba. Sannan ta kai wa babban likitansu. Dattijo ne mai furfura, mai kirki. Da ƙafarsa ya je ya ga bayin, aka ce ya daɗe a tsaye a ciki. Ya zo har gidanmu duba Isuhu, wanda a goman ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce wa Isuhu ya ajiye azumi. Ya ce rinin ma ba a wanke shi daga zargi ba, amma zafi da ƙishirwa da riƙo shekara da shekaru, wannan ƙofa ce da suka yi ta wucewa ba su gan ta ba. A zaure na ji yana ce wa Malama Rakiya, "Da tun zuwanmu na farko kina cikinmu..." Bai ƙarasa ba.

Sai bayan salla aka shawo kan masu masaƙar. Malama Rakiya ta haɗa likitan da limamin unguwa da wakilan ma'aikata, suka shiga tare. Ranar da aka yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi, yara suna tsalle tsirara a kwararo, aka fara haƙa bayin tsuguno a bayan sashen rini. Aka jera butoci. Liman ya yi huɗuba a kan cewa jiki amana ne. Aka ce kafin kaka sai da aka riƙa cika tankin nan a kai a kai. Samari da yawa da suka fara dafe kwiɓi sun warware, wasunsu yanzu jikoki gare su, ina haɗuwa da su a wurin biki.

Malama Rakiya ta zo sallama da damina. Ta kawo mini sabon littafi, na farko da na mallaka ba na haya ba. Ta ce, "Ki yafe mini, ƙanwata. Na zo neman abu ɗaya, na fasa miki wani." Na ce ba komai. Ban sake ganinta ba.

Isuhu bai koma masaƙa ba. Ya kafa teburin sayar da goro da ashana a ƙofar gida. Muka sami 'ya, Safiya. Shekarun da suka biyo baya ciwon yakan kwanta ya tashi, kowace bazara tana tafiya da wani abu nasa. Wankin ƙoda a lokacin sunansa kawai muke ji. Shuɗin hannunsa ya koɗe a hankali har ya fita, na ga ainihin fatarsa, sai na ji ina kewar shuɗin.

A bazararsa ta ƙarshe ƙodar ta daina fitar da ruwa, likitoci suka ce a taƙaita masa sha. Ɗan ƙaramin kofin shayi, shi zai ja tun safe har dare. Mutumin da ya yi shekaru yana ture kofin silba, ga shi kwance yana bin randa da ido. "Maimuna, ko ɗan kurɓi." Nakan jiƙa tsumma in goga masa a leɓe, in juya baya.

Wata la'asar ina yi masa fifita, Safiya tana wasa a gindin darbejiya, na tambaye shi abin da na riƙe tun ranar dariyar Dije.

"Malam, gudun nan da kake yi da. Duk saboda buta ne?"

Ya buɗe ido. Murmushin nan ya zo, a hankali, irin na bayan ya sauke numfashi.

"Kin san masallacin bakin titi, kafin a shigo kwanarmu?"

"Na sani."

"Akwai bayi a nan. Da butoci." Ya haɗiyi yawun da babu. "Kullum ta gabansa nake wucewa."

Bai kai damina ba.

Masaƙar ta daɗe da rufewa, ciyawa ta cinye sashen rini. Masallacin yana nan, an ɗaukaka shi, an yi masa bene. Duk sanda na je Panshekara wurin Safiya ta gabansa nake bi, in ga bayin a gefe da butocinsa. Akwai tsofaffi a ƙofar da suka san shekarar da aka gina shi, ko kafin wancan azumin ne ko bayansa. Muna gaisawa da su. Ban taɓa tambaya ba.